Shin Ko Kun San? Filin Jirgin Abuja da Aka Sayar Ba a Gina Ba, da Sauran Abubuwan Mamaki na Tsaron Manhaja

Shin ko kun san an taɓa sayar da filin jirgin sama a Abuja wanda ko bulo ɗaya ba a aza ba? Dala miliyan 242! Tsakanin 1995 da 1998 aka yi wannan ciniki. Emmanuel Nwude, tsohon darakta a bankin Union, ya yi sojan gona da sunan Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Paul Ogwuma. Ya shawo kan Nelson Sakaguchi, wani darakta a Banco Noroeste da ke Sao Paulo a Brazil, cewa ga kwangilar sabon filin jirgi ta faɗo, kuma shi ma yana da nasa kason. Kuɗi suka yi ta kwarara.

Ku tsaya ku ji wurin da ya fi ɗaure kai. Ba a fasa kwamfutar kowa ba. Ba a saci kalmar sirrin kowa ba. Mutum ɗaya ne ya yi ta tura kuɗi shekara uku cur, babu wanda ya tare shi ya ce, "Yallaɓai, wannan na mene ne?" Sai da bankin Santander na Sifaniya ya zo sayen Noroeste, aka buɗe littattafai, sannan aka ga wawakeken rami. A 2005 kotu a Legas ta kama Nwude da laifi. Wa ke shugabancin EFCC a lokacin? Nuhu Ribadu. Shi ne kuma aka naɗa mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro a Yunin 2023, kuma a ƙarƙashin ofishin nan cibiyar ngCERT take, wadda ke kai ɗaukin gaggawa idan an yi wa ƙasa kutse ta intanet. Ikon Allah!

To me ya haɗa wannan da masu rubuta manhaja a Wuse da Garki da Jabi? Ku biyo ni, za ku gani da idonku.

Kun san hare-hare nawa aka kai wa kafofin intanet na Najeriya a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa na 2023? Ministan Sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ya ce 12,988,978. A ranar zaɓen kaɗai, 25 ga Fabrairu, an ƙirga 6,997,277. Ku raba da sakan 86,400 da ke cikin yini guda. Kimanin hari 81 ke nan a kowane sakan! Kafin ka ce "assalamu alaikum" an ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗari da wani abu. Cibiyoyi uku na Abuja ne suka yi gadin: ta NITDA, ta NCC da ta Galaxy Backbone. Kada adadin ya firgita ku. A intanet galibin irin wannan ƙwanƙwasawa na'urori ke yin ta dare da rana, suna laluben ƙofar da aka manta a buɗe. Wanda ya sami ƙofar, guda ɗaya tak, shi ne abin tsoro.

Kuma sau tari ƙofar mutum ce. Kun tuna Obinwanne Okeke, wanda mujallar Forbes Africa ta sa cikin jerin haziƙan matasa a 2016? A 2018 wani imel ɗin tarko ya isa akwatin babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, dillalin injinan Caterpillar. Ya latsa, shafin jabu ya buɗe, ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa. Daga nan aka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, ma'aikata suna biya, domin ai oga ne ya ce. Kusan dala miliyan 11 suka salwanta. A Fabrairun 2021 kotu a Amurka ta ɗaure Okeke shekara 10.

Za ku ce ai da sun ga fuskar ogan da sun gane. Af! A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya sami saƙon a tura kuɗi a asirce. Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sai aka gayyace shi taron bidiyo. Ga babban jami'in kuɗi, ga abokan aiki, fuska da murya duk nasu. Ashe duk mutanen da ke cikin taron ƙirƙirarru ne, na'ura ce ta haɗa su, shi kaɗai ne ɗan Adam na gaskiya! Ya tura kuɗi sau 15, kimanin dala miliyan 25. Da ya ajiye bidiyon ya kira lambar da ya sani tun da can, da magana ta ƙare a minti biyu.

Shin ko kun san 'yan kutse suna duba kalanda? A Fabrairun 2016 suka shiga Babban Bankin Bangladesh suka aika umarni 35 zuwa New York, suna neman kwashe dala miliyan 951. Daren Alhamis suka zaɓa. Juma'a hutu ce a Bangladesh. Asabar da Lahadi hutu ne a Amurka. Litinin kuma hutun sabuwar shekarar Sinawa ne a Filifin, inda kuɗin za su sauka. Kun ga dabara? Har na'urar buga takardun da za ta tona asiri sai da suka sa ta daina aiki. Dala miliyan 81 suka tafi. Wasu miliyan 20 da aka nufa Sri Lanka kuwa, kuskuren harafi a sunan mai karɓa ne ya sa wani ma'aikacin banki ya tsaya ya yi tambaya, aka ceto su. Ni dai duk lokacin da aka sanar da hutun Sallah ya haɗe da ƙarshen mako, Abuja ta watse kowa ya nufi Kaduna da Kano, tambaya ɗaya ke zuwa mini: wa aka bari yana kallon sabar, kuma an ba shi ikon kashe ta ba sai ya jira oga ya ɗaga waya ba?

Layin mai a Amurka! Eh, an yi shi a Mayun 2021. Masu garkuwa da bayanai suka shiga kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da tsawonsa ya haura kilomita 8,800, aka rufe bututun, aka biya fansar dala miliyan 4.4. Ta ina suka shiga? Ta wani tsohon asusu da ba a amfani da shi, mai kalmar sirri ɗaya, babu makulli na biyu. Wato ko 'yar lambar nan da ake turowa a waya babu.

Yanzu ga wanda na fi so a ba kowane mai rubuta manhaja a Afirka ta Yamma. Shin ko kun san ɗauke wuta a Ghana ne ya ceci ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen ruwa na duniya?

Ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta ɓulla daga Yukren. Ta cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji ta shigo, wadda kowa ya yarda da ita. Ta faɗa kamfanin Maersk na Denmark, kwamfutoci suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya a ofisoshinsu na duniya. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin tashoshin ruwa. Aka koma biro da takarda. Kamfanin na da sabar kusan 150 da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin kowa, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, don in ɗaya ta mutu sauran su tashe ta. Sai duk suka mutu tare. Aka yi ta buga waya ƙasa-ƙasa ana cigiya. Can sai aka ji guda ɗaya tana da rai, a ofishin Ghana! An ɗauke wuta kafin harin, ta katse daga intanet, cutar ta wuce ba ta gan ta ba.

Ba a gama ba fa. Layin intanet na ofishin ba shi da ƙarfin tura bayanan zuwa Ingila cikin gaggawa, ma'aikatan Ghana kuma ba su da bizar shiga Birtaniya. Kamar yadda mujallar Wired ta ba da labari, sai wani ya ɗauko faifan ajiyar a hannu ya hau jirgi zuwa Najeriya, ya miƙa wa abokin aikinsa a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. A cikin kwana 10 suka sake ɗora sabar 4,000 da kwamfutoci 45,000. Asarar ta kai wajen dala miliyan 300. Kamfani mai tarin ƙwararru, amma tsarinsu bai tanadi amsar tambaya ɗaya ba: in duk suka mutu lokaci guda fa?

Irin wannan tambaya tana da fanni guda a sana'ar, na zama a hango barazana tun kafin a rubuta layin farko. A 1999 wasu injiniyoyin Microsoft biyu, Loren Kohnfelder da Praerit Garg, suka kasa barazanar gida shida, suka sa wa tsarin suna STRIDE. Akwai sojan gona, wani ya zo da sunan wani. Akwai taɓa bayani a sauya shi a hanya. Akwai mai aikatawa ya ce ba shi ba ne, kuma babu shaida. Akwai fallasar sirri. Akwai cunkushe hanya har mai haƙƙi ya kasa shiga. Na shida shi ne ƙaramin mai amfani ya tsinci kansa a kujerar shugaba. Shida kacal! Ku ɗauki kowace manhaja, ta biyan albashi ce ko ta sayar da katin waya, ku zana ta a allo, ku bi kowace kibiya kuna yi mata tambayoyin nan. Adam Shostack ya ƙara taƙaita aikin zuwa tambaya huɗu: me muke ginawa, me zai iya lalacewa, me za mu yi a kai, kuma aikin da muka yi ya isa? Har wasan kati ya ƙirƙiro a 2010, ba na caca ba, kowane kati da irin harinsa, wanda ya jefa sai ya nuna inda harin zai kama a manhajarsu. Da wasa-wasa mai kunya ma sai ya buɗe baki.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Gary Klein, ya yi bayanin wata dabarar a 2007. Kafin a ƙaddamar da aiki, a tara kowa a ce, "Ku ɗauka shekara ta zagayo, aikin nan ya rushe warwas. Kowa ya rubuta dalili." Kowa a takardarsa, shiru, kafin oga ya furta komai. A ofisoshinmu, inda yaro ba ya katse babba, wannan dabara ta fi zinariya a wurina.

Ku riƙe waɗannan lambobi uku: 74, 78, 45. Duk mintuna ne.

Minti 74. Ranar 12 ga Nuwamban 2018, wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da wani ɓangare na zirga-zirgar Google, ta bi ta Rasha da Sin. Duniya ta ɗauka hari ne. Kamfanin ya fito ya ce kuskure ne aka yi ana cikin aikin inganta layi. Daga Legas fa!

Minti 78. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa sabuntawa mai matsala, kuma tsawon lokacin da ta yi a waje ke nan kafin a janye ta. Kwamfutoci miliyan 8.5 suka tsaya cak da shuɗin allo. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka rikice. Babu ɗan kutse ko ɗaya a ciki. Mai gadin ne da kansa! An tura wa kowa lokaci guda, maimakon a fara da kaɗan a ga yadda za ta kaya. Bayan abin ya faru kamfanin ya koma turawa kashi-kashi.

Minti 45. Ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya yi asarar dala miliyan 440. Kusan miliyan 10 a kowane minti! Suna da sabar takwas. Ma'aikaci ya ɗora sabuwar manhaja a kan bakwai, ta takwas ta kuɓuce masa. Babu ido na biyu da ya bi bayansa. Kuma ku ji: kafin kasuwa ta buɗe da safen nan, na'urar ta aika saƙon imel 97 tana nuna akwai matsala. Casa'in da bakwai! Ba wanda ya ɗauke su a matsayin ƙararrawa.

Maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowace ƙungiyar ci gaban unguwa da ke da asusu a banki ta san shugaba shi kaɗai ba ya fitar da kuɗi, sai ma'aji ya sa hannu. Ba don ana zarginsa ba, don a kare shi ne da dukiyar jama'a. Haka rubutun manhaja yake. Wanda ya rubuta daban, wanda ya duba daban, sannan a saki.

Kun san ita kanta intanet a kan wannan ƙa'ida take tafiya? Akwai babban makullin sirri da ke tabbatar da sahihancin rajistar sunayen shafuka ta duniya. Hukumar ICANN ke kula da shi a wurare biyu a Amurka, ɗaya a Virginia, ɗaya a California, ana taron amfani da shi sau huɗu a shekara a gaban shaidu da kyamara. A 2010 aka zaɓi mutum bakwai daga ƙasashe daban-daban aka ba kowa kati, don in bala'i ya auku a iya dawo da makullin. Sai biyar cikin bakwai sun haɗu. Ɗaya daga cikinsu, Moussa Guebre, ɗan Burkina Faso ne. Ɗan yankinmu!

Amma fa ido na biyu ma yana gajiya. Ramin nan da ake kira Heartbleed, wanda ya girgiza duniya a Afrilun 2014, a jajibirin sabuwar shekarar 2012 aka shigar da shi cikin OpenSSL. Mutum ɗaya ya rubuta, mutum ɗaya ya duba, duka biyun ba su lura an manta auna tsawon saƙo ba. Ya kwana sama da shekara biyu a buɗe.

Shin ko kun san yawancin abin da ke cikin manhajarku ba ku kuka rubuta ba? Aro ne. A Maris ɗin 2016 wani mai rubutu ya yi fushi ya janye wani ɗan guntun aikinsa mai suna left-pad. Layi 11 ne kacal. Dubban ayyuka a duniya suka kasa haɗuwa a ranar. A Disamban 2021 kuma aka gano rami a Log4j, ɗan abin da aikinsa kawai rubuta tarihin abin da manhaja ke yi. Ma'aunin haɗari daga 0 zuwa 10 yake. An ba shi 10 cif. Kamfanoni da yawa suka kwana suna tambayar kansu ko suna amfani da shi, domin ba su da jerin abin da suka aro.

Ga wanda ke sa tsigar jiki tashi. Akwai wata 'yar manhajar matse fayil mai suna xz, tana cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita kyauta. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana kawo gyare-gyare masu kyau. Ga ladabi, ga ƙwazo. Sai wasu sunaye suka fara matsa wa Collin lamba: aiki ba ya sauri, ka ba wani dama mana. Ga gajiya, ga surutu, ya miƙa wa Jia Tan amana. Sama da shekara biyu mutumin nan yana haƙuri! A farkon 2024 ya dasa ƙofar baya, wadda da ta bazu da ta ba shi hanyar shiga sabar bila adadin a faɗin duniya.

Me ya tona shi? Rabin sakan. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, yana gwajin wani abu daban, sai ya lura shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin sakan, kuma tana cin ƙarfi fiye da kima. Da ni da ku sai mu ce netwok ne. Shi bai bari ba. Ya yi ta tono har ya kai ga ƙofar, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris, 2024. Da ɗan gari akan ci gari, in babu ɗan gari kuma, ashe akan zauna shekara biyu a zama shi.

Wani lokacin kuma facin yana nan, ɗorawa ce ba a yi ba. A Maris ɗin 2017 aka fitar da facin wani rami a Apache Struts. Kamfanin Equifax bai ɗora a inda ya kamata ba, a watan Mayu aka shige shi, bayanan mutum miliyan 147 suka fita. A watan Mayun nan dai muguwar manhajar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150, alhali Microsoft ta fitar da facinta wata biyu kafin nan. Wa ya taka mata birki? Wani saurayi ɗan shekara 22 a Ingila, Marcus Hutchins, da ya yi rajistar wani sunan shafi a kan dala 10 da 'yan canji.

Mu dawo gida. A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da na NIN, a kan naira 100. Naira ɗari! Ta ce har takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, ta saya. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. To ko ba a fasa ba, darasin mai rubuta manhaja yana nan: duk wanda ka ba izinin leƙa rumbu, shi ma wa ya ba, kuma kana ƙirga sau nawa yake leƙawa a yini? Ba banza ba ƙungiyar OWASP ta sa raunin tsarin izini a lamba ta ɗaya a jerin manyan haɗurra goma da ta fitar a 2021.

Ɗan ratse kaɗan, don wannan ba ya barin a wuce shi. Shin ko kun san rubutu mafi daɗewa da ya iso gare mu a kan warware saƙon sirri ta hanyar ƙirga haruffa, a Bagadaza aka yi shi? Al-Kindi ne, a ƙarni na 9. Ƙwayar cutar farko da ta yaɗu a kwamfutocin IBM PC kuwa, Brain, 'yan'uwa biyu ne suka rubuta ta a Lahore ta Pakistan a 1986, Basit da Amjad Farooq Alvi. Har sunansu da adireshi da lambar waya suka sa a ciki!

Yanzu ku leƙa wani ofishi a Wuse 2 da idon zuci. Juma'a ce, an sauko daga masallaci, ƙarfe huɗu ta gota. Janareta na ruri, ga robar shinkafa ta huce a gefen kwamfuta. Ranar Litinin za a ƙaddamar da manhaja a gaban manyan baƙi, an riga an buga katin gayyata. Wata 'yar bautar ƙasa tana bin rubutun, sai ta hango kalmar sirrin rumbun bayanai a zube a layi na 40, kuma an riga an tura shi GitHub. Ta matsa kusa da shugaban tawaga ta rage murya: "Oga, don Allah ka ɗan duba nan." A daidai wannan wuri tsaron manhajar yake, a bakin oga. In ya ce "bari sai bayan taro," an gama. In ya ce "madalla, ƙanwata, a sauya kalmar yanzu, a duba wa ya taɓa ta," gobe ma za ta sake magana. Kada ku ce ƙaramin abu ne. Kamfanin GitGuardian ya ƙirga makullai da kalmomin sirri miliyan 12.8 da aka zubar a fili a GitHub a 2023 kaɗai.

Ana iya tsayar da aiki saboda tsaro? An yi! A Janairun 2002 Bill Gates ya rubuta wa ma'aikatan Microsoft cewa in aka zo zaɓi tsakanin sabon ado da tsaro, a ɗauki tsaro. Dubban masu rubuta Windows suka ajiye sabon aiki makonni, suka koma horo da bitar tsohon rubutu.

In kuma abin ya riga ya faru? A 2016 aka kwashe bayanan mutum miliyan 57 daga Uber, da makullin da aka tsinta a ma'ajiyar rubutunsu. Aka biya masu kutsen dala 100,000, aka yi gum har shekara guda. A Oktoban 2022 kotu a Amurka ta kama tsohon shugaban tsaron kamfanin, Joe Sullivan, da laifi. Ba don an yi musu kutse ba, don ɓoyewar.

A nan gida ma agogo na bugawa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ba da kwana 7 a kai rahoton kutse. Gyaran da aka yi mata a 2024 ya rage shi zuwa awa 72, a sanar da ngCERT. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma awa 72 ta ba da a sanar da hukumar NDPC idan fitar bayanan na iya cutar da masu su. Manyan masu riƙe da bayanai na iya fuskantar tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Awa 72 kwana uku ne. In abin ya faru yammacin Juma'a, da yammacin Litinin wa'adi ya cika!

Kuma ba a samun rahoto da wuri a gidan da ake farautar mai laifi. Shi ya sa kamfanoni irin su Etsy da Google suke zaman bitar matsala ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Ba a tambayar wa ya yi. Ana tambayar yaya tsarinmu ya bar mutum ɗaya ya iya yin haka. Wanda ya tabbata ba za a ci masa mutunci a gaban jama'a ba, shi ke zuwa da gudu ya ce, "Na latsa wani abu, ku zo ku gani."

Saboda haka, 'yan'uwa masu rubuta manhaja, da ku ɗaliban shirin 3MTT da ke shirin shigowa sana'ar, ga roƙona. Cikin makon nan ku ware awa ɗaya, ku zauna gaban allo da tawagarku, har da mafi ƙanƙanta a cikinku. Ku zana abin da kuke ginawa, ku yi masa tambayoyin nan huɗu. Ku rubuta sunan wanda zai iya dakatar da sakin manhaja, da wanda zai kira ngCERT in dare ya tsala, ku manna a bango. Sannan ku tura wa abokin aikinku wannan shafi, ku tambaye shi wanne ne bai taɓa ji ba.